Laifin da Muka Yafe wa Baffa

Ranar da muka binne Baffa, yayan mahaifina, duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya ce a bakinsa. Sai ya zauna a tabarma, a yi addu'a a shafa, sannan ya juyo ya ce bawan Allah ya yi kyakkyawan ƙarshe, ya bi gida-gida ya nemi gafarar kowa kafin ya tafi. Liman ya faɗa, dagaci ya faɗa, har direban da ya kawo mutanen Darki ya faɗa, alhali ban taɓa ganin ya tsaya ya gaida Baffa ba lokacin da yake raye. A cikin gida Gwaggo, ƙanwarsu, tana kuka tana cewa ina ma ita ce ta samu irin wannan tuba. Mahaifina yana gyaɗa kai, kana ganinsa ka san maganar tana sanyaya masa rai.

Ni kuwa duk wanda ya faɗa sai in ji kamar ya ɗiga min ruwan zafi a ƙeya. Ni na ɗauki Baffa a bayan babur ɗina na kai shi gidajen nan, kuma na san abin da yawon ya haifar. Akwai wata tsohuwa da muke kira uwar marayu, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Gwaggo tun safe har la'asar. Gonar da take ciyar da jikokinta da ita ce ke shirin fita daga hannunta, saboda maganar da Baffa ya yi a ɗaya daga cikin gidajen da na kai shi. Yau kwana arba'in da biyu da rasuwarsa. Ina rubuta wannan ne don ina tsoron za a manta da mutumin da ya rayu shekara saba'in da wani abu, a riƙe wanda ya yi ciwo shekara uku.

Baffa ba malami ba ne, ba shi da sarauta. Aikinsa taka iyaka. Ƙauyenmu yana bakin kogi, ƙasa kaɗan da Wudil, kuma rabin abincinmu daga fadama yake fitowa. Duk damina ruwa yakan hau ya shafe gonakin bakin kogi. In ya janye, gambar da aka dasa a iyaka ta binne cikin rairayi, turakun da aka kafa sun bi ruwa, fili ya zama ɗaya kamar an shimfiɗa zane. Sai masu albasa da masu tumatir su tsaya cirko-cirko, kowa yana rantsuwa cewa tasa daga can ta faro. Nan ake aika wa Baffa.

Zai zo da sassafe, ya cire takalmi ya rataye a wuya, ya tsaya jikin wata tsohuwar giginya, ya kalli gadar Wudil daga nesa ya daidaita kafaɗarsa, sannan ya fara tafiya yana motsa leɓe. Duk wanda ya soma yi masa bayani sai ya ɗaga hannu ya ce a bari ya taka tukuna. Ƙafafunsa sirara ne, masu ɗan gwame, mukan ce da wasa ƙasar fadama duk a kan waɗannan karare biyu take tsaye. Ya san gonar kowa da yawan takunta, ya san wa ya gada daga wa, ya san shekarar da kogi ya ci gefen wane. Ranar da zai taka iyaka ba ya shan ko ruwa a gidan masu rigimar, ko da ɗayansu surukinsa ne. Ya taɓa yanke wa mahaifina taku biyar ya ba maƙwabci, suka yi damina guda ba sa cin tuwo a kwano ɗaya, Baffa bai janye ba, bai kuma daina aika masa da kifi ba.

Bai haihu ba. Ni aka ba shi riƙo tun ina ɗan yaye, shi da matarsa da nake kira Inna. Shi ya sa ni a makarantar boko, ya kuma zama mutum na farko da ya fara yi min dariya da na zama malamin firamare. Malam mai alli yake ce min. In na dawo da farar ƙura a riga sai ya tambaye ni ko yau ma niƙa na je. Da aka kawo wani ma'aikacin safiyo da igiyar awo, Baffa ya bi bayansa yini guda, da yamma ya ce min yaron yana da ladabi, kuma igiyarsa ba ta yi kuskure da yawa ba.

Faɗanmu ɗaya da shi, amma babba ne. Da zan yi aure na ja katangar ɗakina, na ɗan shiga hanyar da mata ke bi zuwa rijiya, bai fi kamu biyu ba. Baffa ya dawo daga kasuwar Juma'a ya gani, washegari ya ɗauko galma ya fara rushewa da hannunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tsaya a gaban magina na ce masa da ɗan cikinsa ne da bai yi masa haka ba. Ya dakata, ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Shi ya sake gina katangar a inda ya kamata, shi ya yi mata yaɓe. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya mutu.

Ita uwar marayu, mijinta masunci ne, kogi ya tafi da shi sama da shekara ashirin da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya huɗu da 'yar gona a fadama. Ruwa na janyewa a shekarar maƙwabcin gonar ya wayi gari ya ce taku goma sha biyu na gefen kogi nasa ne, wato daidai wurin da ya fi laima. Mutum ne mai baki da jama'a, ita kuwa tana cikin takaba, ko fita ba ta yi. Ba wanda ya kira Baffa. Shi ya je da kansa ya tsaya gaban dagaci ya ce a zo a ga ƙafarsa. Ya taka a gaban mutane, ya dasa gamba, ya ce daga nan zuwa ruwa na marayu ne. Da wannan taku goma sha biyun ta aurar da 'ya'yanta, da shi take riƙe da jikoki uku da babban ɗanta ya mutu ya bari.

Ciwon ya fara ne bayan rasuwar Inna, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Gari ya cika da murna da hayaniya, motoci masu lasifika suna ratsa ƙauye, matasa suna bin su a guje. Baffa kuwa ya daina fita. Ya rage cin abinci, ya daina tsokanata, ya zauna a zaure yana kallon ƙasa. Muka ce rashin Inna ne, zai wuce. Bai wuce ba. Wata rana motar 'yan siyasa ta tsaya a dandali tana kiran jama'a, Baffa ya kama hannuna ya ce sunansa ake kira, ana faɗa wa duniya abin da ya aikata. Ya ce da can sojoji sun shagaltar da alƙalai, yanzu an koma farar hula, za su samu sukuni su zo kansa. Na yi dariya, na tambaye shi me ya aikata. Ya ce ya ci amanar mutane, ya ci ƙasarsu, kuma ƙasa ba za ta karɓe shi ba in ya mutu.

Daga nan ya fara neman gafara. Ya fara da mahaifina, ya durƙusa masa a kan taku biyar ɗin nan na da. Ya nemi ta Gwaggo, ya nemi ta matata. Muka je muka gaya wa liman, ya ce alama ce mai kyau, ba kowa Allah yake ba wa wannan farkawa ba, mu taimaka masa ya sauke nauyi. Wallahi na ji daɗi. Na ce to ga magani a hannu, in kowa ya yafe masa hankalinsa zai kwanta. Duk Asabar da Lahadi sai in ɗora shi a babur, ya kama ƙuguna da hannayen nan da suka rame, mu bi gidaje. Mun je Dagumawa, mun je Darki, mun shiga unguwannin Wudil wajen waɗanda suka tashi daga ƙauye.

Kowa ya san yadda ake yi a wajenmu. Dattijo ya zo ƙofarka yana hawaye ya ce ka yafe masa, ba za ka tsaya tambayarsa me ya yi maka ba, rashin tarbiyya ne. Cewa za ka yi ka yafe duniya da lahira, kai ma ka nemi tasa. Haka kowa ya yi. Wasu har suna kuka tare da shi, suna ba mu goro. Amma ko kan babur ba ma hawa sai ya raɗa min a kunne: "Ka ji ko? Ya ce ya yafe. Da ban cuce shi ba, me zai yafe?" Duk gidan da muka fito nauyinsa ƙaruwa yake yi. Ni kuma da taurin kaina na ɗauka gidajen ne ba su ƙare ba, sai na ƙara mai na ƙara nisa.

Ranar da muka je gidan maƙwabcin gonar uwar marayu, zaure cike yake da mutane, don ɗansa ya ci kansila. Baffa ya zube a gabansu ya ce ya yi shaidar zur, ya danne masa taku goma sha biyu ya ba wa matar masunci. Na yi ƙoƙarin ɗaga shi, ya ƙi tashi. Mutumin ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata kowa ya ji, sannan ya ce ya yafe, amma hakki hakki ne. A lokacin bai yi komai ba. Jira ya yi.

Wadda ta tsayar da wannan yawo baƙuwa ce. Da aka buɗe sabuwar jami'a a Wudil, wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Gombe, ta kama haya kusa da makarantarmu, ta saba da matata, mukan kira ta Sista. Ta zo gidanmu barkar haihuwa, watanta biyu kacal a garin. Baffa ya gan ta za ta wuce zaure, ya tare ta, ya ce ta yafe masa, ya cuci iyayenta a gona. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baba, ba zan ce na yafe ba, don ba ka yi min komai ba. Iyayena ba su taɓa zuwa ƙasar nan ba."

Gwaggo ta ce ai dama, me za a jira daga wadda ba ta san darajar tuba ba. Ni ma na hasala, na bi ta waje na ce ko a cocinsu ba a koya musu yafiya. Ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni tun yaushe yake ramewa, yana barci ko ba ya yi, ya taɓa cewa gara ya mutu. Duk na amsa. Ta ce wannan ba tuba ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani, kuma duk wanda ya ce masa ya yafe ya ƙara masa itace a wuta ne bai sani ba. Na kwana uku ina jin haushinta, a na huɗu na nemi mota.

A asibiti a Kano likita ya zauna da shi ya fi awa. Ya ce masa ya faɗi rana ɗaya da ya yi farin ciki a rayuwarsa. Baffa ya ce babu. Na sa baki na tuna masa sunan ɗana na fari, ranar da ya yi ta rawa da sanda har hularsa ta faɗi. Ya ce ya tuna ranar, ragon ramamme ne, baƙi sun tafi da yunwa, an zage mu a hanya. Ni na sayi ragon nan, na san ƙarya ciwon yake yi masa. Likita ya ce min ciwon damuwa ne mai tsanani. Ya ce in rai ya yi duhu, tunani ma kalar duhun yake ɗauka. Mutum zai riƙa tsince munanan ranaku kawai daga rayuwarsa kamar mai tsince tsakuwa daga wake ta zubar da waken, in kuma bai samu mummuna ba sai ƙwaƙwalwa ta ƙirƙiro masa, ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ya ce akwai masu kishiyar haka, ransu ya tashi sama su ce su sarakuna ne ko attajirai. Na Baffa ƙasa ya yi, shi ya sa ya zama mai laifi. Kuma mutumin da ya fi tsoron cin hakki, ta nan ciwon zai kama shi.

Mahaifina ya ce kada kowa ya ji inda muka je. Muka ce wa mutane hawan jini ne.

Maganin ya yi aiki, abin da har yanzu yake ƙona min rai ke nan, don da mun kai shi tun farko da ba a kai ga haka ba. Bayan kamar mako shida ya nemi fura da nono. Wata safiya ya dubi babur ɗina ya ce wannan jakin ƙarfen har yanzu tari yake yi. Na tambaye shi ragon suna, ya ce rago ne da sai da ƙarti uku suka kayar da shi. Na shiga ɗaki na yi kuka kamar yaro.

A cikin wannan sauƙin ne labari ya zo cewa maƙwabcin ya kai ƙara gaban dagaci, da shaidun da suka ji Baffa ya ce ya yi zur, yana neman takunsa goma sha biyu. Ina zaune, Sista ma ta zo duba shi, Gwaggo ta faɗa masa. Baffa ya dube ni ya ce, "Ni na faɗi haka da bakina?" Na ce shi ya faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ya ce gonar ta marayu ce tun daga kakan mijin uwar marayu, bai taɓa yin shakka ba sai da ciwon nan ya shige shi. Na ce mu je gidan dagaci yanzu ya faɗa. Ya ƙi. Ya ce wanda ya faɗi magana biyu ba a yarda da ta uku, sai dai ya taka a gaban kowa kamar yadda ya saba, a ga ƙafarsa ta sauka inda ta sauka shekara ashirin da suka wuce. A lokacin tsakiyar damina ce, fadama tana ƙarƙashin ruwa. Ya ce mu jira ruwa ya janye. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi kogi yana cike.

Yanzu ruwa ya janye. Dagaci ya sa ranar Alhamis mai zuwa. Waɗanda suka ji Baffa ya ce ya yi zur sun fi ashirin, cikinsu har da kansila. Waɗanda suka ji ya warware maganar mu uku ne: ni, da Gwaggo da ta ce ba za ta je ba, da Sista, wadda ƙauye ya sani da matar da ta ƙi yafe wa dattijo. Abin da ya rage a hannuna katin asibiti ne. In na fito da shi, na faɗa wa duniya cewa Baffa ya samu taɓin hankali.

Mahaifina ya kira ni bayan sadakar arba'in ya ce in na yi haka kada in ƙara taka zaurensa. Ya ce ina da 'ya'ya mata, wa zai nemi jikar mahaukaci. Ya ce mutane suna yabon ɗan'uwansa da tuba, me zai sa in sauke shi daga nan in mayar da shi abin nuni. Ya ƙara da wata da ta fi cizona: in aka ce ciwo ne, gobe duk wanda Baffa ya taɓa yanke wa taku ɗaya zai tashi ya ce tun lokacin ciwon yake. Amma yabon da yake so a bar wa Baffa, ma'anarsa ita ce Baffa maƙaryaci ne da ya tuba, kuma kuɗin yabon tsohuwa ce za ta biya da abincin jikokinta.

Ni kaina ba lafiya gare ni ba, na sani. Tun da aka binne shi, in na rufe ido ba abin da nake gani sai katangar nan da maganar da na gaya masa a gaban magina. Shekara talatin da wani abu na yi a hannunsa, amma rana ɗaya tak ƙwaƙwalwata take miƙo min. Sista ta ce in lura da kaina, irin hanyar da ciwon Baffa ya bi ce. Rabin abin da na rubuta a sama, takalmi a wuya da Malam mai alli da kifin da yake aika wa mahaifina, matata ce ta zauna tana tuna min ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa kamar labarin wani.

Jiya da hantsi na je gidan uwar marayu, ban ma san me zan ce mata ba. Na tarar tana gyara irin albasa a faifai, irin da ba ta san ko za ta samu inda za ta zuba shi ba. Muka gaisa, ta yi min gaisuwar Baffa, ta yi masa addu'a mai tsawo. Na gaya mata komai, asibiti da magani da abin da ya ce a ƙarshe. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ta san ba shi da lafiya tun ranar da na kawo shi ƙofarta, don ita ma mun je mata, ni har na manta. Ba ta roƙe ni in je gaban dagaci ba. Ta ajiye faifan ta ce:

"Ɗan nan, ni ma cewa na yi na yafe. Mutumin da ya tsaya min ranar da ba ni da kowa, ya zo ƙofata yana kuka. Na gode ce a bakina, shekara ashirin ina ajiye da ita, amma ba ita ya tambaya ba, sai na ba shi abin da ya tambaya."

A hanyata ta dawowa na lissafa gidajen da na kai Baffa. Ba gida ɗaya da aka ce masa an gode.

Ranar Alhamis zan je da katin. Ban san ko dagaci zai saurare ni ba, ban san ko zan sake zama a zauren mahaifina ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Duk wanda yake cin albasa ko tumatir daga gonar da ƙafar Baffa ta tsayar masa, ya san gidan dagaci, ya san ranar.

Allah ya yalwata maka makwancinka, Baffa, ya haɗa ka da Inna, ya karɓe ka da rahamar da ciwo ya hana ka tsammani. Ni ba ni da abin da zan yafe maka. Na gode.